Tsaga a mahaɗar gilashi da efoksi: littafin aiki

4 ga Fabrairu

Na buɗe wannan littafi ne don kada abin da na gano yau ya kuɓuce mini gobe. Aikin da na sa a gaba kashi biyu ne: in rubuta ƙaramar manhaja da za ta lissafa halin da tsaga ke ciki idan ta bi mahaɗar abubuwa biyu da taurinsu ya bambanta, sannan in gwada lissafin da samfuri na gaske. Na zaɓi gilashi da gam ɗin efoksi saboda tazarar da ke tsakaninsu babba ce, kuma gilashi yana barin mutum ya ga tsagar da idonsa tana tafiya.

Lambobin da zan riƙe a lissafin: ma'aunin Young (taurin abu wajen ja) na gilashi 70 GPa, rabon Poisson (yadda abu ke tsukewa ta gefe idan an ja shi) 0.22, na efoksi 3 GPa da 0.35. Na ɗauka dukansu biyu irin abubuwan nan ne da ke miƙewa idan an ja su, su koma yadda suke idan an saki, kuma samfurin yana da faɗin da ba zai bari ya motsa ta gefe ba. Dundurs ya nuna a 1969 cewa a irin wannan matsala ba sai an ja lambobi huɗu ba, biyu sun wadatar, α da β. Ta farko tana auna bambancin tauri wajen ja, ta biyu tana auna bambancin yadda kowanne ke jure matsewa. Da gilashi a sama, efoksi a ƙasa, na sami α = 0.911 da β = 0.205. Daga β ake fitar da wata lamba, ε, wadda ta zo mini −0.066. Ƙarama ce ƙwarai, ina sa ran ba za ta sha mini kai ba.

9 ga Fabrairu

Na fara da abu guda, gilashi sama da ƙasa, don in tabbatar manhajar tana da lafiya. Faranti mai faɗi, tsaga mai tsawon milimita 10 a tsakiyarsa, ana jansa daga nesa. Kwamfuta tana yanyanka farantin ya zama raga, ta warware lissafi a kowane idon raga. Don sanin makamashin da tsaga ke saki idan ta ƙara taku ɗaya, wato G, na bi dabarar Rybicki da Kanninen ta 1977: a ɗauki ƙarfin da ke riƙe da ƙullin raga a tsinin tsaga, a ninka shi da buɗewar da ke bayan tsinin. Kyan dabarar shi ne tana raba G gida biyu da kanta, rabon buɗewa da rabon zamiya. Sakamako ya yi daidai da lissafin Irwin, sanannen lissafin G na tsaga a abu guda, rabon zamiya kuma sifili ne kamar yadda ya kamata.

13 ga Fabrairu

Yau na mayar da rabin ƙasa efoksi. Da jan 10 MPa, lissafin hannu ya ce G zai kai kimanin 234 J/m², manhajar kuma tana matsowa kusa da wannan adadi duk lokacin da na ƙanƙanta idanun raga. Wannan ɓangaren ba laifi.

Inda gizo ke saƙa shi ne rabon. Na raba girman idon da ke tsinin tsaga biyu, rabon buɗewa da na zamiya suka canja. Na sake rabawa, suka sake canjawa. Sau biyar ina yi, ba alamar za su tsaya. Jimlarsu tana nan daram, amma kason kowanne sai tafiya yake. A sanina, idan raga tana ƙanƙancewa amsa ba ta zauna ba, to akwai kuskure a rubutun manhaja. Gobe zan bi shi layi-layi.

19 ga Fabrairu

Kwana biyar ina neman kuskuren da babu shi.

Na duba yadda nake ɗauko ƙarfi a ƙulli, na duba alamun ƙari da ragi, na canja irin idon raga daga mai ƙulli huɗu zuwa mai takwas. Duk kanwar ja ce. Abin da ya buɗe mini ido shi ne da na daina kallon G na koma kallon kusurwar da rabon biyu ke bayarwa. Sai na ga ba tafiyar banza take yi ba: duk raba ido biyu yana juya ta da kusan digiri 2.6, ba ƙari ba ragi. Kuskuren manhaja ba ya zuwa da irin wannan tsari. Na ninka ε da logarizim ɗin 2, na mayar digiri, sai ga 2.6 a gabana.

Don in kawar da shakka, na ƙirƙiri abubuwa biyu da taurinsu ya bambanta amma β ɗinsu sifili ne: na sama ya ninka na ƙasa sau biyu a taurin zamiya, rabon Poisson 0.1 a sama, 0.3 a ƙasa. Nan take rabon ya zauna. Da farko na so in bar gilashi da efoksi yadda suke in gyara rabon Poisson na efoksi kawai, amma sai ya kai 0.49 kafin β ta mutu, kuma a nan idanun raga na yau da kullum suna sandarewa su ba da amsar ƙarya.

Ashe abin da nake gani tsohon zance ne. Williams ne ya fara fito da shi a 1959, kuma abin sha'awa, a mujallar masu nazarin girgizar ƙasa ya buga, don tsagar da ke tsakanin duwatsu iri biyu ce ta dame shi. A abu guda, sitires, wato ƙarfin da ke kan kowane murabba'in mita na cikin abu, yana hawa yayin da ake matsowa tsinin tsaga, daidai da ɗaya bisa saiwar nisa. A mahaɗa kuwa, ban da wannan hawan, akwai wani lilo da ke biye da shi, mai tafiya da ε sau logarizim ɗin nisa. Ma'anarsa a fili ita ce, gaurayen buɗewa da zamiya ba ɗaya ba ne a kowane nisa daga tsinin. Wanda ya tsaya a milimita ɗaya zai ga wani gauraye, wanda ya matso maikiromita ɗaya zai ga wani dabam. To idon ragata shi ne nisan da nake tsayawa in duba. Ina ƙanƙanta shi, ina matsowa, gaurayen yana juyawa. Sun da Jih sun rubuta wannan game da dabarar nan tun 1987. Da na karanta kafin in fara, da na huta, amma ba na jin da zan fahimce shi kamar yadda na fahimta yanzu.

Dalilin abin ma ana iya hango shi ba tare da lissafi ba. Idan aka ja farantin, efoksi yana son ya tsuke ta gefe fiye da gilashi, mahaɗa kuma ta hana shi. Wannan jayayya ita ke haifar da zamiya ko da ba wanda ya tura komai ta gefe.

24 ga Fabrairu

Lilon yana da wani sakamako da ya hana ni sukuni kwana biyu. England ya nuna a 1965 cewa idan aka bi lissafin har ƙarshe, daf da tsinin tsaga fuskokin biyu suna kutsawa cikin juna, gilashi ya shiga inda efoksi yake. Wannan ba ya yiwuwa. To yaya mutum zai gina aiki a kan lissafin da ke faɗin abin da ba ya yiwuwa?

Na zauna na auna girman yankin da hakan ke faruwa. A ƙarƙashin ja zalla, nisansa daga tsini shi ne tsawon tsaga sau exp(−π/2|ε|). Da lambobina wannan ya zo kusan 5 × 10⁻¹¹ na tsawon tsagar. A tsaga mai milimita 10, wajen rabin tiriliyan ɗaya na mita ke nan, ƙasa da girman ƙwayar zarra sau ɗaruruwa. Tun kafin a isa can, zancen abu mai miƙewa ya koma ya riga ya rushe: efoksi ya lotsa, sarƙoƙinsa sun tsinke. Ko a mafi girman ε da ake iya samu, 0.175, yankin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu goma ba.

Amma ban yarda a ce a manta da shi gaba ɗaya ba, don zamiya tana sauya labarin da sauri. Idan nauyin da ke nesa ya karkata digiri 60 zuwa zamiya ta ɓangaren da ke rufe tsagar, yankin ya kai kusan maikiromita 4. A digiri 80 ya kai kusan milimita 0.7, abin da ido zai gani ta cikin gilashi. A nan dole a koma ga hanyar Comninou ta 1977, wadda ta bar fuskokin su taɓa juna su zame a wani ɗan yanki kusa da tsini. Kuma tsinin tsaga ɗaya ne ke rufewa, ɗayan yana ƙara buɗewa. Na sa wa manhajar gargaɗi: duk lokacin da yankin ya haura kashi ɗaya cikin ɗari na tsawon tsaga, ta faɗa mini kada in amince da amsar.

5 ga Maris

Na bar dabarar ƙulli don raba gauraye, na koma ga intigiral ɗin da ke haɗa filin da kwamfuta ta lissafa da filin Williams da aka sani. Ɗan'uwan intigiral ɗin J ne na Rice na 1968, sai dai shi yana fitar da sassa biyu na K dabam-dabam, wato lambar da ke auna tsananin sitires a tsinin tsaga, mai girma da kusurwa. Rubuta filin Williams na abu biyu ya ci mini mako guda, don alama ɗaya ta kauce komai ya lalace. Yanzu idan na watsar da zobba biyu na farko da ke kewaye da tsini, sauran zobban duk amsa ɗaya suke bayarwa.

Girman K ya yi daidai da lissafin hannu. Kusurwarsa ta kauce da digiri 26.

7 ga Maris

Na gano digiri 26 ɗin, kuma ina ganin wannan ce rana mafi amfani tun da na fara.

Manhajata da milimita take aiki, lissafin hannuna da mita. A abu guda, sauya ma'auni yana ninka K da wata lamba ne kawai. A mahaɗa, K lamba ce mai sassa biyu, kuma a cikin ma'auninta akwai tsawo da aka ɗaga zuwa −iε. Saboda haka sauya mita zuwa milimita ba girmanta kaɗai yake taɓawa ba, juya ta yake yi, da ε sau logarizim ɗin 1000. Wannan shi ne digiri 26.1. Ba manhajar ce ta yi kuskure ba, ba kuma takardar ba. Ni ne na tambaye su abu biyu dabam ina zaton abu ɗaya ne.

Rice ya warware wannan a 1988. Ya ce a zaɓi wani tsawo, L, a faɗe shi a fili, sannan a auna kusurwar gauraye ψ a wannan nisa daga tsini. Wanda ya sauya daga L ɗaya zuwa wani sai ya ƙara ε sau logarizim ɗin rabonsu. Na gwada da tsagata mai milimita 10 a ƙarƙashin ja zalla, ba tare da na taɓa nauyi ko samfuri ba. Da L daidai da tsawon tsagar, ψ ta zo −7.5°. Da maikiromita 100, ta zo +9.9°. Da maikiromita 1, +27.3°. A wajen milimita 1.4 kuwa sifili ce cif, har mutum ya ce buɗewa ce zalla. Tsaga ɗaya, nauyi ɗaya, amsa huɗu, har alama ta juya, kuma ba wadda ta yi ƙarya a cikinsu.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, duk wanda ya ba ni ψ na wata mahaɗa bai faɗi L ba, bai ba ni komai ba. Na koma kan wasu rahotannin gwaji da na tara, na ware waɗanda ba su faɗi L ba gefe guda. Ba don aikinsu ba shi da kyau ba, sai don ba ni da hanyar jera lambobinsu kusa da nawa. Ga ƙarfe da yumɓun injiniya, inda ε ba ta da yawa, ana iya kawar da kai. Ga gilashi da efoksi, ninki goma a L digiri 8.7 ne, ba abin rainawa ba.

Akwai kuma wani abu da ba na ma'auni kawai ba ne. Idan aka tsayar da L wuri ɗaya, tsagar da ta ninka wata tsawo sau goma tana da ψ da ta bambanta da digiri 8.7 a ƙarƙashin ja iri ɗaya. Wato tsaga tana tsawo, gaurayen da ke tsininta yana sauyawa da kansa. Wannan gaskiyar abu ce, ba wasan alƙalami ba.

12 ga Maris

Na tsayar da L a maikiromita 100. Na sa manhajar ta riƙa buga shi a jikin kowace ψ, ta yadda ko ni ba zan iya kwafar ɗaya in bar ɗayan ba.

Dalilin da ya sa kusurwar ta cancanci duk wannan wahala shi ne juriyar mahaɗa ba lamba ɗaya ba ce. A abu guda mai gautsi, tsaga tana da 'yancin juyawa ta bi hanyar da zamiya ta mutu, shi ya sa lamba ɗaya ke isa. A mahaɗa mai rauni kuwa an ɗaure ta a kan layi, dole ta haɗiye duk gaurayen da nauyi ya kawo mata. Gwaje-gwajen Liechti da Chai na 1992 a kan gilashi da efoksi sun nuna juriyar tana hawa ninki-ba-ninki yayin da zamiya ke ƙaruwa, kuma hawan ba ɗaya ba ne ta ɓangaren ƙari da na ragi. Evans da Hutchinson sun danganta irin wannan hawan da kaushin fuskokin da ke sarƙewa a bayan tsini. Tvergaard da Hutchinson sun nuna a 1993 cewa lotsawar abu mai laushi ma tana iya haifar da shi. A efoksi a kan gilashi mai santsi, zuciyata ta fi karkata ga lotsawa, don kaushin da za a sarƙe da shi kaɗan ne.

20 ga Maris

Na tsara samfuri. Sanda biyu na gilashi masu kaurin milimita 3, siririn efoksi a tsakaninsu, a tsaga sandar sama a tsakiya, a lanƙwasa a kan madogara huɗu, irin wanda Charalambides da abokan aikinsa suka bayyana a 1989. Abin da ya ja ni gare shi: muddin tsaga tana tsakanin madogaran ciki, G bai dogara da tsawonta ba, don haka nauyi yana tsayawa a mataki ɗaya yayin da take tafiya, ba sai na auna tsawonta ba. Ga sanda biyu masu kauri ɗaya, G = 21M²/4Ēh³, inda M ƙarfin lanƙwasa ne, Ē taurin gilashi, h kaurin sanda, kusurwar da ke nesa kuma 40.9°. Siririn efoksi ba ya sauya G, amma yana ɗan karkatar da kusurwar, gyaran da Suo da Hutchinson suka lissafa a 1989. Manhajata ta mayar mini da 40.9° da na sa gilashi zalla.

Na tsaya a kan sitires ɗin da ke maƙalewa bayan gam ya daskare da zafi. Efoksi yana tsukewa da sanyi kusan sau shida ko bakwai fiye da gilashi. Idan ya huce da digiri 60, lissafina ya ba shi ja na kusan 14 MPa. Da shafe shi aka yi a bayan gilashi da kaurin milimita 1, wannan kaɗai zai ba da G kusan 29 J/m², alhali gilashi kansa a wajen 8 J/m² yake tsagewa. Masu ƙawata gilashi sun daɗe da sanin wannan ƙarfi: suna shafa gam ɗin fata, ya bushe, ya ɓamɓaro fuskar gilashin. A samfurina efoksin yana tsakanin sanda biyu masu kauri, kuma bayan tsaga ta wuce yana nan manne da ɗaya, don haka makamashin bai saku ba. Sai dai jan yana iya ingiza tsaga ta bar mahaɗa ta kutsa cikin gam ɗin. Zan bar shi ya daskare ba tare da zafi ba, ko da zai ɗauki kwanaki.

2 ga Afrilu

Samfuri uku na gwada. A biyu, sandar ƙasa ta karye. A na ukun tsaga ta juya ta bi mahaɗa, na ga gefenta yana tafiya ta cikin gilashi kamar bakin ruwa, nauyi ya fara tsayawa, sannan ita ma sandar ta karye kafin in sami abin rubutawa.

Na biyun farko ban yi mamaki sosai ba. He da Hutchinson sun nuna a 1989 cewa tsagar da ta tunkari mahaɗa kai tsaye, idan abubuwan biyu taurinsu ɗaya, ba za ta juya ba sai juriyar mahaɗar ta gaza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na juriyar abin da ke gabanta. Na wanke gilashina sosai kafin in manna, ga shi gilashi ba ya da juriya, don haka tsagar ta ga ya fi mata sauƙi ta wuce gaba. Maganinsa shi ne in shimfiɗa siririn abin da gam ba ya kamawa a ƙarƙashin tsagar sama, ta tarar da hanya a buɗe.

Na ukun ne ya sa na koma takarda. Bayan tsaga ta raba sandunan, sandar ƙasa ita kaɗai ke ɗauke da lanƙwasar, sitires a fuskarta 6M/h². Na haɗa wannan da lissafin G, sai M ta fita, ya rage cewa sitires ɗin yana tafiya da saiwar G bisa h. Da kaurin milimita 3, mahaɗa mai juriyar 10 J/m² tana buƙatar 41 MPa a jikin gilashin kafin tsaga ta motsa. Ƙa'idar Turai 45 MPa ta ba gilashin taga na yau da kullum, kuma gefen da aka yanka bai kai haka ba. Wato tun daga zane na ajiye samfurin a bakin karyewa. Da kaurin milimita 6 adadin ya sauka zuwa 29 MPa, da milimita 10 zuwa kusan 22.

Na nemi sanduna masu milimita 6, kuma zan goge gefunansu da kaina kafin a manna. Kauri ya ninka yana nufin dole in ƙara tazarar madogaran ciki, don tsaga ta sami filin da za ta daidaita kafin ta kusanci madogara. Zan kuma fara rubuta laimar ɗaki a kowane gwaji, don ruwa yana cin mahaɗar gilashi da efoksi, yana kuma sa tsagar gilashi ta yi rarrafe a ƙarƙashin nauyin da bai kai na karyewa ba. Kafin sandunan su iso, zan sa siririn efoksin a cikin raga in ga digiri nawa yake karkatar da 40.9° a L na maikiromita 100.